Amsar tambayar rediyon orora da guguwar maganaɗisu

Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙanina, na ji tambayarka, wai ko hasken orora, hasken nan mai launi da ake gani a sama da dare can kusa da ƙuryar arewa da kudancin duniya, shi ke fitar da siginar rediyon da ake kamawa tare da shi. A'a wallahi, ba haka ba ne, abu ɗaya ne ya haifi duka biyun. Ka san iskar rana, wato ƙwayoyi masu cajin lantarki da rana ke fesowa, tana tura maganaɗisun duniya ya yi wutsiya doguwa ta ɓangaren dare, to in maganaɗisun iskar ya juya kudu sai wutsiyar ta yi ta tara ƙarfi kamar robar danƙo da aka ja, can sai ta saki. Sakin nan shi ne sabstom ɗin, ƙaramar guguwar maganaɗisun da masanin kimiyya Akasofu ya fayyace a Alaska a 1964, kuma gaba ɗayanta awa biyu zuwa uku ce. Ilektironi, wato ƙananan ƙwayoyin lantarki, da suka gangaro ta kan layukan maganaɗisu, in sun iso ƙasa-ƙasa suka bugi iskar sama sai a ga haske, amma tun suna can bisa, dubban kilomita, sun riga sun saki rediyon. Shi ake kira AKR, daga wajen kilohaz 50 zuwa 500, kuma wani masanin, Gurnett, ya nuna a 1974 cewa ƙarfinsa kan kai wat biliyan ɗaya in ororan ya yi haske sosai.

Shi ya sa bidiyoyin nan da ake ta turowa wai "ku saurari kukan orora" suke ɓata min rai, an jima ana yaɗa su, kuma kullum sai wani ya rantse da kunnensa aka ji. Ina! Ayonosfiya, wato sashen iskar can sama mai cajin lantarki, ba ta barin AKR ya sauko yadda rediyonka zai kama, shi ya sa ma sai da taurarin ɗan adam suka fita aka gano shi, Elektron 2 na Tarayyar Sobiyet ne ya fara jiyo shi wajen 1965. Abin da kuke ji a bidiyon sigina ce aka maida ta sauti da kwamfuta, kuma wasu ma har kiɗa suke ɗorawa a kai, sannan a ce kimiyya ce, haba dai.

To ina nake ma... yauwa, wurin da ya fi burge ni. Mitar da rediyon ke fita a kai, wato kilohaz ɗinsa, tana bin ƙarfin maganaɗisun wurin da aka haife shi, kusa da duniya maganaɗisu ya fi ƙarfi sai mitar ta yi sama, nesa kuma ta yi ƙasa. Ke nan in ka kalli mitar ka san tsayin wurin. Da sabstom ya ɓarke, cikin 'yan mintuna sai ka ga siginar ta ƙara ƙarfi kuma ta bazu zuwa ƙananan mitoci, wato wurin da ake ingiza ilektironin ya miƙe sama ke nan, ana kallonsa daga nesa ba sai an shiga ciki ba.

Amma fa kar ka ce duk sanda ba a ji AKR ba babu sabstom. Rediyon ba ya watsuwa ko'ina, ɓangaren dare ya fi fuskanta, in tauraron yana ɓangaren rana zai iya wuce shi sam bai kama ba. Sai a haɗa da awon maganaɗisu na tashoshin ƙasa, wanda ake kira AE, kafin a yanke magana.