Sabon rukunin gidaje ya cushe layinmu: me doka ta ce?

Tambaya: Assalamu alaikum, Barista. A ƙarshen layinmu a Kano wani yana gina rukunin gidajen haya, kuma ƙofa ɗaya tak ya bari, tana kallon layin da ko mota biyu ba sa iya giftawa. Tifofi na shiga tun asuba, sun fasa kwalbati, 'yan Islamiyya sai raɓewa suke a jikin katanga. Da muka yi magana ya ce yana da takardar mallaka. Za mu iya tsayar da aikin?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Hana ginin gaba ɗaya da wuya, amma tilasta masa gyara hanyar shiga da fita abu ne mai yiwuwa, kuma nan nake so ku sa ƙarfinku.

Takardar mallaka da ake bayarwa a ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 shaida ce cewa filin yana hannunsa. Ba ita ce izinin gini ba. Izinin gini a Kano yana hannun hukumar tsara birane, KNUPDA, kuma a zanen da aka amince da shi ne za a ga yawan gidaje, wurin ajiye motoci, magudanar ruwa da inda ƙofa za ta kalla. Ku rubuta ƙorafi da sa hannun maƙwabta da mai unguwa, ku nemi a gwada abin da ake ginawa da abin da aka amince. A buga muku hatimin karɓa a kwafinku. Idan ya saɓa wa zanen, hukumar na da ikon dakatar da shi. Batun tifofi kuwa, ku kai wa hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, KAROTA.

In wannan bai yi ba, sai babbar kotun jiha. A shari'ar Adediran da kamfanin Interland Transport a 1991, mazauna rukunin gidajen Ire-Akari da ke Isolo a Legas sun yi ƙara kan tireloli da suka tare musu hanya. Kotun Ƙoli ta ce ba sai da amincewar Antoni Janar ɗan ƙasa zai kai ƙara kan abin da ke cutar da jama'a ba. Sai dai alƙali zai so ya ga cutarwar da ta same ku ku kanku, fiye da ta kowane mai wucewa. "Muna tsoron haɗari" kaɗai ba ta isa. Ku ɗauki hoton kwalbatin da ya fashe da ranar da aka ɗauka, bidiyon tifa a lokacin tashin makaranta, rasit na gyaran katanga, da takardar asibiti in an taɓa buge wani. Maganar yaran nan ce ta fi damuna, kuma ita ce hujjarku mafi ƙarfi.

Lauyanku zai iya neman umarnin dakatar da aiki kafin a gama shari'a, amma za ku ɗauki alkawarin biyan diyya idan daga baya aka ga ba ku da gaskiya. Jinkiri ma yana cutar da ku, domin kotu ba ta cika tsayar da ginin da ya kai rufi ba.

Kada matasa su tare hanya ko su taɓa direba, don nan take ku za ku koma waɗanda ake tuhuma. Idan mai ginin ya yarda a zauna, ku nemi ƙofa ta biyu, hana tifofi shiga lokacin zuwa da tashin makaranta, da gyaran kwalbati da kuɗinsa, a rubuce, da sa hannunsa da na shaidu.