Shin fafatawa da mutane kaɗai na riƙe mai buga gem?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko gwabzawa tsakanin 'yan wasa a gem ɗin intanet za ta iya riƙe mutum shekara da shekaru, ko kuwa ɗokin sabon abu ne kawai. Tana riƙewa, amma ba ita kaɗai ba.

Tun 2018 da PUBG Mobile, gem ɗin harbe-harbe na waya, ya fito muke bugawa, mu huɗu, a bencin wani mai cajin waya a Ƙofar Ƙaura bayan sallar isha'i. A gem ɗin mutum 100 ne a tsibiri ɗaya, da'irar filin da ake fafatawa a ciki na ta matsewa, zuciya na dukan uku-uku. In da kwamfuta kake karawa, da ka gano lagonta ka gama da ita. Mutum kuwa yau ya laɓe cikin ciyawa, gobe ya afko maka da mota. Shi ya sa Counter-Strike, wani gem ɗin harbe-harbe tsakanin mutane da aka fara tun 1999, har yau bai rasa jama'a ba.

Sai dai na ga abin da ke korar mutane da idona. Ƙanena ya fara Free Fire, kullum ya faɗa hannun gwanaye, kafin ya tsinci bindiga an kwantar da shi. Sati biyu ya goge gem ɗin, kuma wallahi ban ga laifinsa ba. Ga masu maguɗi, ga sabis da ke yankewa daidai lokacin da ya rage saura ku biyu a fili. Data ma ba kyauta ba ce.

Mu dai tawagarmu ce ta riƙe mu. Ɗayanmu aiki ya mai da shi Daura, amma ƙarfe tara na yi za ka ji muryarsa a kunne: "Ina kuke ne? Ku shigo mana, saura mutum ɗaya."