Ruwan dogon yaro zai iya maye gurbin maganin feshi?

Malam, ka ce tsutsa ta addabi kabejinka da salak a lambun Mirriya, kana tsoron fiya-fiya, kana tambaya ko ’ya’yan dogon yaro za su yi aiki. Za su yi, amma ba kamar yankan wuƙa ba. Daka busassun ’ya’yan rabin kilo, ka jiƙa a ruwa lita 10 su kwana, ka tace da tsumma, ka ɗan sa sabulu don ya kama ganye. Fesa da yamma, domin rana na kashe ƙarfinsa, ka maimaita duk mako. Tsutsar ba ta faɗuwa nan take, ci take dainawa.

Tsoronka kuwa yana kan hanya. Salak ɗanye ake ci, wani ya fesa yau, gobe ganyen yana kasuwar Dole ta Damagaram. Ni da idona na ga yaro yana feshi ba takalmi, ba ƙyalle a hanci, ya gama ya ɗauraye galan ɗin a bakin rijiya.

Kuma guba ba ta tantance abokin gaba. Tana kashe zuma da ke barbarar kabewa, da ƙananan zanzaron da ke cin tsutsa, irin waɗanda INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, ke saki a gonakin gero don maganin zuzzuda, tsutsar da ke cin zangarniyar gero.

Taki kuma, nemi na dabbobi wanda ya ruɓe sosai. Ɗanye yana ƙona saiwa, yana kawo ciwon ciki ta ganye. In kana da gawo a gonar tudu kada ka sare, da damina yake zubar da ganye ya zama taki, dubi yadda geron ƙarƙashinsa ke kyau a Matamai.