Mutum Nawa Ne a Zariya, Kuma Ina Iyakarta?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar firamare ce a Tudun Wada. Ɗalibaina sun tambaye ni yawan mutanen Zariya, da na duba sai na tarar wani littafi ya ce dubu 400, wani kuma ya ce sun kusa dubu 700. Wanne ne daidai, kuma yaya aka kasa garin ta fuskar mulki?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Allah ya saka da alheri bisa wannan kula. Littattafan nan biyu ba su saɓa wa juna ba, kowanne da abin da ya kira Zariya.

A bakin jama'a, Zariya gari ɗaya ne da ya taso daga cikin ganuwa ya miƙe har Samaru, amma a takardar gwamnati ƙananan hukumomi biyu ne daga cikin 23 na Jihar Kaduna, wato Zariya da Sabon Gari. Ƙidayar shekarar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Zariya mutum dubu 400 da 'yan kai, ta ba Sabon Gari kimanin dubu 290. Wanda ya ɗauki ta farko kaɗai zai faɗi adadin littafinki na farko, wanda ya haɗa su kuwa zai kusanci dubu 700.

Ƙaramar hukumar Zariya tana da mazaɓu 13. A cikin birni akwai Kwarbai A da Kwarbai B da Ƙaura da Unguwar Juma da Unguwar Fatika da Limancin Kona. A wajen ganuwa akwai Tudun Wada da Gyallesu da Tukur-Tukur. Sai kuma na karkara, Dambo da Kufena da Dutsen Abba da Wucicciri. Sabon Gari, wanda ya bunƙasa da zuwan jirgin ƙasa a farkon mulkin Turawa, yana da mazaɓu 11, cikinsu har da Samaru da Basawa da Bomo da Hanwa da Dogarawa da Muchia. Abin da kan ba baƙo mamaki shi ne, babban mazaunin Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, yana cikin Sabon Gari, reshenta na Kongo yana cikin Zariya, asibitin koyarwarta da ke Shika kuma yana cikin ƙaramar hukumar Giwa, alhali duk wanda ya nufi ɗaya daga cikin ukun cewa zai yi ya tafi Zariya.

Sai a kiyaye kada a gwama wannan da ƙasar Zazzau. Masarauta tana da nata tsarin, daga Sarki zuwa hakimai, daga hakimai zuwa dagatai da masu unguwanni, kuma faɗinta ya zarce garin nesa ba kusa ba, domin ta haɗa da Giwa da Kudan da Makarfi da Soba da Igabi da sauransu. Gundumar hakimi daban, mazaɓar kansila daban, ko da sunansu ya zo ɗaya. A 2017 gwamnatin jiha ta rage gundumomin hakimai daga 390 zuwa 77, ba tare da an taɓa mazaɓa ko ɗaya ba. Lardin Zariya da tsofaffi ke ambata kuwa tsarin zamanin En'e ne, ya kau bayan ƙirƙiro jihohi a 1967.

Abin da ya fi damuna shi ne tsufan alƙaluman kansu. Tun 2006 ba a sake ƙidaya ba, wadda aka shirya yi a 2023 ma an ɗage ta, don haka duk adadin da za ki gani na shekarun baya-bayan nan hasashe ne da aka ɗora a kan tsohon lissafi. Yaran da aka haifa a shekarar ƙidayar sun isa jefa ƙuri'a, gonakin da ke gefen Gyallesu da Dogarawa sun koma gidaje, amma da wancan ma'auni ake tsara yawan ajujuwa da gadajen asibiti da rabon ruwan famfo. Ke da kike tsaye gaban aji kullum kin fi ni sanin inda wannan ke kaiwa.

Shawarata, idan za ki rubuta wa ɗaliban adadin a allo, ki rubuta shekarar 2006 a gefensa, ki kuma nuna musu wace ƙaramar hukuma ake nufi.