Shin Jinin Uba Ne Ke Yanke Wa Ɗa Halinsa? Fatawa Kan Wani Wasan Bidiyo

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, kuma ina buga gem. Akwai wani mai suna Metal Gear Solid, labarin 'yan'uwa biyu da aka kwafo daga ƙwayar halittar wani babban soja, ɗayansu yana cewa jininsu ya riga ya yanke musu abin da za su zama. Abin ya tsaya mini a rai, domin mahaifina, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai zafin zuciya, kuma a gida kullum ana cewa ni na ɗauko shi. Shin mutum jininsa ne ko tarbiyyarsa? Kuma ya halatta in ci gaba da buga irin waɗannan wasanni?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya gafarta wa mahaifinka, ya yi maka albarka.

Ɗana, wasan da ka ambata kamfanin Konami na Japan ne ya fitar da shi a 1998, Hideo Kojima ya tsara shi. Liquid Snake ya rayu yana ƙullace da ɗan'uwansa Solid Snake, don ya yi imani cewa shi aka bar wa ragowar gadon Big Boss, sojan da aka kwafo su daga gare shi, aka ba ɗan'uwan mai kyau. Sai a ƙarshen labarin ake bayyana cewa akasin haka ne. Wato abin da ya halaka Liquid shi ne labarin da ya yarda da shi game da jininsa. Ina jin tsoron kada maganar da ake yi maka a gida ta yi maka irin wannan aiki.

Shari'a ba ta musanta gado ba. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wani mutum ya zo wurin Annabi (SAW) yana shakkar ɗansa saboda launin fatarsa. Annabi ya tambaye shi ko a cikin jajayen raƙumansa akwai mai ruwan toka, ya ce akwai, wataƙila wata jijiya ce ta kakanni ta fizgo shi. Annabi ya ce to ɗanka ma wataƙila haka ne. Har a ɗabi'a akwai wannan. Ya gaya wa Ashajju na ƙabilar Abdul Ƙais cewa yana da halaye biyu da Allah yake so, haƙuri da natsuwa, kuma a ruwayar Abu Dawud ya tabbatar masa cewa a kansu aka halicce shi. Saboda haka zai yiwu ƙwarai ka gaji saurin fushi. Ba zan ɓoye maka wannan ba.

Tarbiyya ma tana da nata ƙarfin. Hadisin Abu Huraira ya ce kowane jariri a kan fiɗira ake haihuwarsa, iyayensa ne suke mayar da shi Bayahude ko Banasare ko Bamajuse.

Amma da ɗayan biyun nan ne ke yanke hukunci na ƙarshe, da ɗan Annabi Nuhu bai nutse ba. Jinin annabi ne, a gidan annabi ya tashi, duk da haka Allah ya ce wa Nuhu a Suratu Hud, aya ta 46, ba ya cikin iyalinka. Annabi Ibrahim kuwa a gidan mai bautar gumaka ya girma. Suratus Shams ta warware zancen: Allah ya sanar da rai fajircinsa da taƙawarsa, sannan ya ce wanda ya tsarkake shi ya rabauta, wanda ya turbuɗe shi ya taɓe. Tsarkakewar nan aikinka ce, kuma a kanta za a tambaye ka. Ba za a tambaye ka me ya sa zuciyarka take tafasa da wuri ba. Za a tambaye ka me bakinka da hannunka suka yi bayan ta tafasa. Shi ya sa Annabi ya koya wa mai fushi ya nemi tsari daga Shaiɗan, in yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kwanta. Da hali ba ya gyaruwa, da wannan koyarwa ba ta da amfani. Ga mutanen gidanku kuma ina cewa su ji tsoron Allah, su daina jingina wa yaro laifin mamaci. Wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani.

Kwafar ɗan'adam da labarin ya ginu a kai haramun ce. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke haka a zamanta na Jidda a 1997, shekarar da aka sanar da duniya labarin Dolly, tunkiyar da aka kwafo daga ƙwayar halittar wata tunkiya. Da za a yi, wanda aka kwafo mutum ne daban, da ruhinsa da hisabinsa, kamar yadda tagwaye Hassan da Husaini masu kama ɗaya kowa da littafin ayyukansa. Wasu wasannin suna wuce nan. A Assassin's Creed ana nuna tunanin kakanni a ajiye cikin jini, a SOMA ana kwafe ƙwaƙwalwar mutum a zuba cikin na'ura. Ka ɗauke su a matsayin ƙagaggen labari. Ƙudurce cewa ruhi yana ƙaura daga jiki zuwa jiki ya saɓa wa aƙidar Musulunci.

Game da bugawa, abin da na fi natsuwa da shi shi ne asalin wasa halal ne muddin bai ci lokacin salla ko karatu ko hidimar mahaifiyarka ba, babu tsiraici a ciki, kuma ba a sa ka aikata shirka ko wulaƙanta addini. Wannan wasan na manya ne, a Amurka ma an sa masa alamar 'yan shekara 17 zuwa sama, don haka kada ka zaunar da ƙannenka a gabansa. Ka kuma kiyayi al'adar gidajen gem ta cewa wanda aka ci shi zai biya kuɗin wasan, domin malamai da yawa suna ganin wannan caca ce. Kowa ya biya nasa. In kuma ka lura kana tashi daga gaban allon kana huci kana neman wanda za ka yi wa tsawa, to a haƙƙinka barinsa ya fi.

Wallahu a'alam.