Shilajit da mai ciwon babban yatsa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, shekarata 52. Bara babban yatsan ƙafata ya kumbura cikin dare, ko mayafi ya taɓa shi sai in ji kamar an ɗora garwashi. A asibiti aka ce wani sinadari a jinina, yurik asid, ya hau, aka ɗora ni a kan maganin allopurinol. To yanzu wani abokina ya yo mini tsarabar shilajit daga Dubai, ya ce yana ƙara kuzari kuma yana wanke jini. In sha, ko zai tayar mini da ciwon? Daga Alhaji, Fagge.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara afuwa. Ka ajiye kwalbar nan tukuna.

Na san abin. Wani majinyacina ya taɓa buɗe mini shi a ofis: baƙi wuluk, da danƙo kamar kwalta, warinsa kuwa sai ka kau da kai. Daga tsagin duwatsu yake tsatsowa a tsaunukan Himalaya da Altai, kuma masu maganin gargajiyar Indiya, wato Ayurbeda, sun daɗe suna amfani da shi. 'Yan gwaje-gwajen da aka yi da shi a jikin mutane ƙanana ne, akasari kan ƙarfin maza da gajiya. Babu ingantaccen gwaji da ya nuna yana sauke yurik asid. Hasali ma, gargaɗin da aka saba yi shi ne mai irin ciwonka ya nisance shi, haka ma mai sikila da wanda sinadarin ƙarfe ya yi wa yawa a jini.

Abin da ya fi damuna shi ne dalma. Abu ne da aka kankaro daga dutse, in ba a tace shi da kyau ba yakan zo da dalma da sauran ƙarafa masu guba. Mu nan Arewa ba sai an yi mana bayanin dalma ba, mun ga abin da ta yi wa yara a Zamfara a 2010. A jikin babba kuwa ƙoda take illatawa sannu a hankali, ita kuma ƙoda ita ke fitar da kusan kashi biyu cikin uku na yurik asid ta fitsari. In ta gaza, sai ya taru. Da ya wuce 6.8 mg/dL a awon jini yana iya daskarewa ya zama 'yan allurai a cikin gaɓa. Garwashin da ka ji a daren nan ke nan. Kwalbar da ta shigo a jakar tsaraba, ba lambar NAFDAC, wa ya auna abin da ke ciki?

Abin da muke nema a wurinka shi ne awon ya sauka ƙasa da 6, kuma allopurinol ne zai kai ka can in kana sha kullum. Kada ka daina don yatsa ya yi shiru, a nan 'yan kasuwa kuka fi ba ni ciwon kai. Ka rage cin hanta da ƙoda da kayan ciki, ka sassauta wa mai balangun yamma. Lemon kwalba ma yana ɗaga shi saboda sukarinsa. Ruwa kuwa ka sha da yawa, musamman a zafin Maris da Afrilu da kuma tsakanin buɗa-baki da sahur.

In kana shan maganin hawan jini mai sa yawan fitsari, ka faɗa wa likitanka, wasunsu na ɗaga yurik asid. In kuma ka riga ka fara lasar tsarabar ba ka faɗa mini ba, ka dakata, ka ɗauki kwalbar ka tafi da ita asibiti a auna jininka da ƙodarka.