Hajiya, kada ki cire ta daga aikin rukunin nan

Hajiya, barka da warhaka. Tun jiya da daddare na ga tambayarki, na bari sai na samu natsuwa, domin abin da kika kawo ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Kin ce 'yarki tana aji biyar na sakandare, an haɗa su su biyar an ce su binciki wata matsala da ta addabi duniya, su rubuta, su fito gaban aji su yi bayani. Ga WAEC da JAMB na tafe, ga kuɗin data, kuma ita kaɗai ke ɗawainiya, sauran sun naɗe hannu. Kina tambaya ko ki je makarantar ki roƙi a cire ta.

Ni malamin Labarin Ƙasa ne a yankin Haɗeja, shekarata goma sha ɗaya da alli a hannu, shida daga ciki ina ba ɗalibai irin wannan aiki. Shawarata kada ki cire ta. Amma damuwarki tana kan hanya, domin ni ma na ga yadda aikin ke lalacewa, a hannuna ma ya taɓa lalacewa.

Shekarar da na fara, na rubuta wa yara manyan kanun magana a allo: ɗumamar yanayi, talauci, ƙaura, yunwa. Bayan mako uku kowane rukuni ya kawo mini takardu masu tsabta daga shagon kwamfuta, an kwafo daga intanet an manna. Na tambayi wani yaro ma'anar wata kalma a shafinsa na farko, ya sunkuyar da kai. Ranar na koma gida raina a ɓace, domin na gane laifin nawa ne. Yaron da bai taɓa wuce Kano ba, ka ce masa ya yi magana a kan duniya gaba ɗaya, me zai yi in ba kwafa ba?

Da shekara ta zagayo sai na sake salo. Na ce kowace matsala sai an samo mata gindi a wurin da ƙafa za ta iya zuwa. Rukuni ɗaya suka ɗauki batun ruwa, suka fara da Tafkin Chadi. Wata yarinya a cikinsu, mai ƙoƙari irin yadda kika kwatanta taki, ta zo da abin da ta samo: a 1963 faɗin tafkin ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000, fari na shekarun 1970 da 1980 ya cinye kusan kashi 90 cikin ɗari. Ta rubuta cewa tafkin na gab da ƙafewa. Sai wani yaro da kakansa ya yi fataucin banda daga Baga ya ce shi bai yarda ba, tsohon ya faɗa masa ruwa na tafiya ya dawo, kuma a wasu shekarun har gonaki yake ci. Gardama ta kaure, suka zo wurina in raba. Na ƙi. Na ce su je su gano yadda za a yi maganganun biyu su zama gaskiya a lokaci guda.

Kwana goma suka yi a kai. Suka gano tafkin ba shi da zurfi, don haka ruwa kaɗan in ya ƙaru ko ya ragu sai faɗinsa ya sauya sosai. Suka gano ya rabu gida biyu tun farin shekarun 1970, ɓangaren kudu da na arewa, kuma mafi yawan ruwansa daga kogin Shari da Logon yake zuwa, ta wajen Chadi da Kamaru. Suka ga cewa daga shekarun 1990 ruwan ya ɗan farfaɗo. Alƙaluman yarinyar daidai ne, maganar tsohon ma daidai ce. Kowa shekarar da ya tsaya ya duba daban. Hajiya, ban taɓa iya koyar da wannan darasi da baki ba. Ranar da suka zo suna rige-rigen faɗa mini, na san yaran nan ba za su sake karɓar lamba a takarda ba sai sun tambayi ta wace shekara ce, kuma wa ya auna.

Daga nan suka biyo ruwan baya har ƙofar gidansu. Kogin da ke wucewa ta garinmu shi ne ke haɗuwa da na Jama'are ya zama Komadugu Yobe, ya bi iyakar Najeriya da Nijar ta wajen Diffa ya faɗa tafkin. A samansa akwai madatsar Tiga da aka kammala a 1974, da ta Challawa a 1992. Da izinin iyayensu, wata Asabar muka je fadama muka zauna da wani dattijo masunci yana gyaran koma a gindin giginya. Ya nuna musu kachala, ciyawar nan mai tsayi da ta toshe hanyoyin ruwa, ya ce a da ruwa kan zo da ƙarfi da damina ya janye da rani, a kama kifi, a shuka a danshin da ya bari. Yanzu yana nan kwance shekara duka a wasu wuraren, wasu kuma ba ya isa gare su. Yarinyar tana rubutu a kan gwiwarta, hannunta har rawa yake don sauri. A hanyar dawowa wani cikinsu ya ce to ai sai a buɗe madatsun kawai. Ɗan'uwansa ya ce kawunsa a Kura yake noman shinkafa da tumatir da ruwan Tiga, in aka yi haka shi kuma ya ci me? Motar ta yi tsit.

Abin da ya fi burge ni shi ne su da kansu suka ɗauko batun kogin Nilu. Suka ce ashe rigimar da ke tsakanin Habasha da Masar, tun da Habasha ta fara gina babbar madatsarta a 2011, ita ce ta manomin Kura da masuncin nan na fadama: na sama yana son ya tare, na ƙasa yana tsoron ƙishirwa. Suka nemo cewa ƙasashen da ke kewaye da tafkinmu sun kafa hukumar kula da shi tun 1964, hedikwatarta a Njamena, suka yi ta muhawara kan abin da ya sa zama a teburi ɗaya bai isa ya raba ruwa da adalci ba. Ban sa su ba. Gani ne ya kori ji.

Game da jarrabawa, ba zan rufe ki ba: babu maki ko ɗaya da wannan aiki zai ƙara mata kai tsaye a JAMB. Tambayoyin zaɓi ne a kwamfuta, kuma suna son nasu shirin. Ki tsaya tsayin daka aikin kada ya wuce awa biyu ko uku a mako, kuma a gama shi kafin ta shiga aji shida. Sai dai na lura masu irin wannan aiki hannunsu ya fi sakewa a rubutun insha'i na WAEC, saboda sun saba kafa hujja.

Amfaninsa na gaske sai ta shiga jami'a. Can za ta tarar da ɗakin lacca cike maƙil, malami ba zai san sunanta ba, a zangon farko za a raba su rukuni a ba su jinga, a ce ranar kaza a fito a gabatar. A ƙarshe kuma ga kundin kammala karatu da za ta tsaya ta kare gaban malamai. Yarinyar da na ba ki labarinta ta kira ni daga jami'a a shekararta ta farko, ta ce an haɗa ta da mutum tara da ba ta sani ba, kowa na kallon kowa, ita ce ta ɗauko takarda ta raba aiki ta sa wa kowa rana.

Saura batun masu naɗe hannu, wanda shi ne ainihin ciwon. Wannan ba 'yarki za ta magance ba, aikin malami ne, kuma kina da haƙƙin ki nema. Ni yanzu maki kashi biyu nake yi, rabi na rukuni, rabi na mutum. Kowane ɗalibi yana da ɓangarensa da sunansa a kai, yana kuma da ɗan littafin da yake rubuta abin da ya yi duk mako. Ranar gabatarwa ni ke zaɓar wanda zai amsa tambaya, kuma ba a kan ɓangarensa kaɗai ba. Tun da na fara haka, masu ƙoƙarin suka daina yi wa kowa aiki, suka koma koya wa 'yan rukuninsu, domin in ɗaya ya kasa amsawa kowa zai ji a makinsa. Wani lokacin ma yaron da ake ganin malalaci ne, ba waya gare shi ba, ko kuwa kunya ke hana shi magana. Irinsa in ka tura shi hira da dattawan unguwa sai ka sha mamaki.

Don haka ki je makarantar, Hajiya, amma da buƙata biyu: a rage faɗin batun ya dawo kan abin da yaran za su iya gani da idonsu, kuma a raba makin yadda kowa zai ɗauki nasa kaya. Ita kuma ki ce mata ta daina karɓar ɓangaren kowa, ko da aikin zai fito da ɗan rauni. Idan kin faɗa mini batun da aka ba su da garin da kuke, zan duba in ga ta inda za su kama shi. Allah Ya yi mata albarka, Ya ba ta sa'a.